Kafin ka sayi fom ɗin mastas a furojet manajimen, karanta tarihin ginin Abuja

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai dare.

Lokacin sayar da fom ɗin digiri na biyu ya zagayo, kuma kamar kowace shekara tambaya ɗaya ce ke yawo tsakanin waɗanda suka gama injiniyanci, fasahar gini, zanen gini da kwantiti sabe: in ci gaba da injiniyanci zalla, ko in karkata zuwa furojet manajimen, wato ilimin tafiyar da manyan ayyuka? Wasu na cewa kwas ne na waɗanda lissafi ya kora. Wasu kuma gani suke da ka riƙe takardar shi ke nan, kamfanin mai ko wata ƙungiyar agaji za ta kira ka. Ni dai duka biyun ban yarda da su ba. Kuɗin makaranta ba wasa ba ne yanzu, shekara biyu ko uku na rayuwarka kuma sun fi kuɗin tsada. Kafin ka yanke shawara, zo mu duba aiki mafi girma da Najeriya ta taɓa ɗauka, wanda da yawanmu mun yi bautar ƙasa a cikinsa ko muna fatan samun aiki a cikinsa. Abuja nake nufi. Duk abin da za a koya maka a wannan kwas, garin nan ya riga ya gwada shi da kuɗin ƙasa.

Mu fara daga Legas a 1975. Kuɗin mai ya shigo, gwamnatin Gowon ta yi odar siminti kusan tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun ma'aikatar tsaro. Ba wanda ya zauna ya tambayi tashar jiragen ruwa ta Apapa ko tan nawa za ta iya saukewa a shekara. Jirage sama da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyan kuɗin jira a kowace rana, wani simintin ma ya daskare a cikin jirgi. Ku lura fa, simintin ba shi da laifi, jiragen ba su da laifi. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya da zai jera abubuwa, ya ce wannan sai an gama wancan. A cikin wannan cunkoso Janar Murtala ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, kuma a watan Agusta ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da zama babban birnin tarayya kuma babban birnin jiha a lokaci guda. Cikin wata huɗu kwamitin ya miƙa rahoto, ya ce a koma tsakiyar ƙasa. Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Murtala ya sanar wa ƙasa, aka fitar da Doka ta 6 ta 1976, aka yanki fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, aka kafa hukumar FCDA ta gina birnin. Kwana goma bayan sanarwar aka kashe shi. Allah ya jiƙansa.

(Ga waɗanda ba su sani ba: sunan Abuja aro ne. Asalin garin Abuja shi ne Suleja ta yau, wadda Abu Ja na gidan sarautar Haɓen Zazzau ya kafa a 1828. Da tarayya ta ɗauki sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A Sulejar ma ma'aikatan FCDA na farko suka yada zango, don a lokacin babu inda za su kwana a filin sabon birnin.)

A 1977 aka ba wata haɗakar kamfanonin Amurka uku mai suna International Planning Associates aikin zana babban tsarin birnin, abin da kowa ke kira masta filan. Suka miƙa a Fabrairun 1979. Tsakiyar gari kuma, inda majalisa da kotun ƙoli da sakatariya suke, mashahurin mai zanen gini na Japan, Kenzo Tange, ya fitar da fasalinsa. Tsarin ya raba ginin zuwa zango huɗu. Zangon farko ya ƙunshi tsakiyar gari, Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, sannan sama da miliyan 3 idan an kammala komai. An ware hanyoyi na musamman don motocin haya da jirgin ƙasa, an ware wuraren shan iska, an tsara kowace unguwa da makarantarta da kasuwarta da asibitinta. Aka sa 1986 a matsayin shekarar da gwamnati za ta tare.

Kada wani ya ce a lokacin ilimin tafiyar da ayyuka bai zo duniya ba. Ya zo. Jadawalin Gantt, wancan mai sanduna a kwance da za ku yi ta zanawa a aji, tun wajen yaƙin duniya na ɗaya ake amfani da shi. A 1957 kamfanin DuPont ya fito da dabarar CPM, a 1958 rundunar ruwan Amurka ta fito da PERT don aikin makamin Polaris, a 1969 aka kafa cibiyar PMI. Tunanin da ke bayansu mai sauƙi ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ginin gidan babansa ya san shi. Sai an haƙa fandisho a zuba kankare, sannan bulo ya tashi, sannan linta, sannan rufi, sannan filasta. Wannan sarƙa ba ta ɗaga ƙafa: in linta ta yi jinkirin sati biyu, ranar tarewa ta matsa da sati biyu. Amma mai walda da ke haɗa taga zai iya makara da wata guda ba abin da ya faru, muddin ya kawo kafin filasta. Aikin mai tafiyar da furojet shi ne ya san wace sarƙa ce ba ta jira, ya kare ta daga kowa, har daga mai gidan da kansa.

To, a nan ne labarin Abuja ya fara daɗi, don mai gidan ne ya fara taɓa sarƙar.

Da Shehu Shagari ya hau a Oktoban 1979, sai gwamnatinsa ta ga 1986 ta yi nisa, ta jawo wa'adin zuwa wajen 1982. Ta fuskar siyasa akwai hujja: zaɓe na zuwa a 1983, kuma akwai masu adawa da ƙaurar da za su so aikin ya mutu, don haka gara a zuba abin da ba za a iya juyawa baya ba. Wataƙila ma wannan gaggawa ce ta hana a binne maganar Abuja gaba ɗaya, wannan kam dole a ba shi. Amma ta fuskar aiki, an cire shekara huɗu daga jadawali ba tare da an rage abin da za a gina ba. Abu uku ke riƙe kowane aiki: lokaci, kuɗi da girman abin da ake so. Ka matse ɗaya, dole sauran su kumbura ko inganci ya zube. Aka yi ta raba kwangila da sauri, wasu ga ƙwararru, wasu ga 'yan jam'iyyar da ba su taɓa riƙe cebur ba, suka karɓi kuɗin kafin alƙalami suka sayar da takardar. An dai yi bikin samun 'yancin kai na 1 ga Oktoban 1982 a Abuja, amma gwamnati ba ta tare ba. Sauri ya haifi nawa.

Sai kuɗi. Duk lissafin an ɗora shi a kan gangar mai. A 1980 ganga ta haura dala 35, daga 1981 kasuwa ta fara sanyi, a Afrilun 1982 gwamnati ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu, ƙarshen 1983 soja suka dawo, a 1986 farashin ya faɗo ƙasa da dala 15, ga SAP ta karya darajar naira. Shekarar da aka ce za a tare ita ce shekarar da aljihun ya fi bushewa. A aji za a ce muku ku rubuta jerin haɗarurrukan da ka iya samun aiki, da abin da za a yi in sun auku. Ga babban misali nan: aikin shekara 20 da ya dogara da farashin abu ɗaya da ba mu ke sa shi ba.

Amma abin da ya fi ci mini rai a tarihin nan shi ne maganar mutane. An yi ta magana a farko kamar filin daji ne da ba kowa. Alhali akwai Gbagyi, Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da sauransu a ɗaruruwan ƙauyuka, da gonakinsu da kaburburan kakanninsu. Manufar farko ita ce a kwashe kowa a fitar da shi wajen yankin da kuɗin gwamnati. Da masana ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje suka shiga suka yi bincike, sai aka ga jama'ar ta ninka abin da aka zata, kuɗin diyya kuma zai cinye abin da za a fara ginin da shi. Binciken ya ƙara da wani abin da ba wanda ya yi tunaninsa a ofis a Legas: noman mutanen nan ne ke hana daji rufe ƙasar, in aka kwashe su ƙudan tsando zai samu wurin yaɗuwa. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta sauya, ta ce waɗanda gini ya biyo ta kansu kawai za a tayar. Haka aka samu Sabon Wuse a jihar Neja. A farkon shekarun 1990 aka sake sauyawa, aka ce a bar ƙauyuka su narke cikin birni, shi ya sa har yau ƙauyen Garki ke zaune a tsakiyar Garki. Bayan nan aka sake komawa maganar tayarwa, aka yi ta gina matsugunai irin na Apo. Shekara kusan hamsin, manufa ta yi ta juyawa, kuma har gobe 'yan asalin yankin na kukan ƙasa da diyya. Babu injiniyan da ya yi kuskuren lissafin ƙarfe a nan. An dai fara aiki ba a ƙirga waɗanda zai shafa ba, kuma ba a tambaye su ba.

Irin wannan mantuwa ta shafi leburori da ƙananan ma'aikata. Nyanya sansanin wucin gadi ne aka yi wa masu aikin gini. Kowa ya san abin da wucin gadin nan ya zama.

Tarewar gaske sai ranar 12 ga Disamban 1991, lokacin Janar Babangida. Mutane da yawa na danganta saurin da aka yi a ƙarshe da yunƙurin juyin mulkin Orkar na Afrilun 1990, wanda ya nuna barikin Dodan ba wurin kwana da ido biyu rufe ba ne, ga kuma taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da Abuja ta karɓa a Yunin 1991. Abin ban sha'awa, a jawabinsa na 1976 Murtala ya ƙiyasta ƙaurar za ta ɗauki shekara goma zuwa sha biyar. Ku lissafa. Ƙiyasin farko, wanda aka yi kafin siyasa ta shigo, shi ya fi kusa da gaskiya. Masu son kwatance sukan kawo Brasilia, wadda Brazil ta gina cikin wata 41 ta buɗe a Afrilun 1960. Gaskiya ne, amma ita ma ta bar bashi da hauhawar farashi, ma'aikatan da suka gina ta kuma suka ƙare a garuruwan gefe, kamar namu.

Tunda aka tare da gaggawa, ma'aikatu suka kwararo kafin gidaje da sufuri su shirya. Hanyoyin da masta filan ya ware wa sufurin jama'a suka zauna shekaru babu komai a kansu. Wanda albashinsa bai kai hayar Wuse ba ya nufi Kubwa, Lugbe, Gwagwalada, Suleja, ko ya tsallaka jihar Nasarawa zuwa Mararaba da Masaka. Duk wanda ya yi bautar ƙasa yana fitowa bayan asuba don ya wuce gosulon Nyanya zuwa AYA, to sakamakon jadawalin da aka juya tun kafin a haife shi yake sha. Daga 2003 zuwa 2007 Malam Nasir El-Rufa'i, wanda kwantiti sabe ya karanta a ABU, ya zo da rusau da sunan dawo da masta filan, ya kuma kafa AGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta. Wasu na yaba masa har yau, wasu kuma da aka rushe wa gidaje ba su yafe ba. Ko wane ɓangare kake, ka ga tsadar gyaran abin da aka bari ya karkace shekara ashirin.

Yanzu ku shiga tsakiyar gari ku ɗaga kai. Hedikwatar Laburaren Ƙasa: an ba da kwangilarta a 2006 a kan kimanin naira biliyan 8 da rabi. A lokacin dala ɗaya ba ta kai naira 130 ba, a 2024 ta haura 1,500. Duk shekarar da aka sa wa ginin ɗan abin da bai isa ba a kasafi, kuɗin kammala shi sai ya ƙara gudu ya bar mu. Har ta kai a Satumban 2025 uwargidan shugaban ƙasa ta roƙi a ba da gudummawar ginin a madadin kyautar zagayowar ranar haihuwarta. Hasumiyar Millennium, ita ma 2006, tsayin mita 170, tana nan tsaye tana jira. Jirgin ƙasan cikin gari: kwangila a 2007, Buhari ya buɗe a Yulin 2018, aka tsayar a 2020 lokacin korona, sai Mayun 2024 aka sake tayar da shi. An kashe sama da dala miliyan 800, amma layin farko bai bi ta Nyanya da Mararaba inda jama'a suka fi matsuwa ba. Aiki zai iya kammaluwa, a yanka kirtani, ya kasa biyan buƙatar da aka yi shi dominta.

A 2011 kwamitin shugaban ƙasa ƙarƙashin Akitek Ibrahim Bunu, tsohon ministan Abuja, ya ƙirga ayyukan tarayya 11,886 da aka fara ba a gama ba, ya ce ana buƙatar kusan naira tiriliyan 7.8 a kammala su. A kuɗin wancan lokaci fa. Kuma wannan bayan an yi dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce kada a ba da kwangila sai akwai tanadin kuɗi. Doka tana nan, bin ta ne aiki.

Kada mu ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai. Farfesa Bent Flyvbjerg na Oxford ya tattara bayanan manyan ayyuka sama da 16,000 a duniya, ya samu kashi 8.5 cikin ɗari ne kawai suka gama a kan lokaci kuma a kan kuɗin da aka ce. Filin jirgin saman Berlin da aka shirya buɗewa a 2011 sai 2020 ya buɗe, a Jamus ɗin da muke yi wa kallon agogo. Bambancin shi ne su sukan gama, kuma sukan rubuta abin da ya faru don na baya su karanta.

To me wannan ke nufi ga mai riƙe da fom?

Abu na farko, kwas biyu ne ake cakuɗawa. Injiniyan furojet yana nan cikin fasaha: zane, ƙa'idojin kayan aiki, gwajin kankare, haɗa aikin mai lantarki da mai famfo da mai ƙarfe kada su yi karo. Wannan sai mai digirin injiniya, kuma hanyarsa ta bi ta rajistar COREN. Mai tafiyar da furojet kuma yana riƙe da jadawali, kuɗi, kwangila, haɗari da mutane, shi ya sa ake ɗaukar masu kwantiti sabe, gini, zane, har da masu kwamfuta da tattalin arziki. In kai injiniya ne, mastas a manajimen ba zai maye maka rajistar COREN ba, ka nemi abarka daban. Wanda kuma ke cewa babu lissafi a ciki, ya jira ranar da za a ba shi ayyuka 200 ya fitar da sarƙar da ba ta jira, ko a ce ya lissafa ƙarin kuɗin kwangila bayan naira ta faɗi.

Jami'o'in fasaha na tarayya a Minna, Owerri da Akure sun daɗe da sashen wannan fanni, ABU ma tana koyar da shi a matakin digiri na biyu ta ɓangaren nazarin muhalli da gine-gine, ga masu zaman kansu a Abuja da ke tallata nasu. Duk inda za ka, ka tabbatar NUC ta amince da kwas ɗin kafin ka biya ko sisi. 'Yan Jami'ar Abuja na 2012 ba za su manta lokacin da aka dakatar da injiniyanci, likitanci, likitan dabbobi da aikin gona saboda rashin cika sharuɗɗa ba, ɗalibai suka tare hanyar filin jirgi. Ka tambayi waɗanda ke ciki shekara nawa ake ɗauka a gama, ba abin da aka rubuta a takarda ba. Ka tambaya ko malaman sun taɓa riƙe aiki a fili, ko ana taɓa Primavera da Microsoft Project da hannu. Satifiket ɗin PMP kuma da ake ta yayi, ba na sabon gama digiri ba ne, sai kana da kusan shekara uku kana jagorantar ayyuka. Ni a ganina wanda ya yi shekara biyu a sayit yana shan rana, ya ga yadda ɗan kwangila ke bin takardar biyansa daga tebur zuwa tebur, zai fi cin moriyar ajin nan nesa ba kusa ba. 'Yan uwa mata, wannan fanni ne da za ku iya yin fice a cikinsa, don kaso mai yawa na aikin tsari ne da lissafi da iya zama da mutane, kada hular kwano ta tsorata ku.

Sai maganar bincike, kuma a nan zan ɗan taka wasu. Ɗakunan karatunmu sun cika da kundaye masu take iri ɗaya: abubuwan da ke jawo jinkirin ayyukan gini a jiha kaza. A raba takardar tambayoyi 100, rabi abokai su cike a hostel, a fito da jerin da kowa ya riga ya sani, rashin biya a kan lokaci, hauhawar farashi, cin hanci. Wallahi mun wuce nan. Ka ɗauki aiki ɗaya tak, mai suna da adireshi. Laburaren Ƙasa, ko titin Apo zuwa Karshi da aka yi shekaru ana jira, ko wani rukunin gidajen sake tsugunarwa. Ka bi kasafin kowace shekara ka ga nawa aka sa, nawa aka saki, yaushe aka sauya zane, wa ya sa hannu, ministoci nawa suka wuce a kansa. Kasafin tarayya yana intanet, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa ma'aikata ka nema, ofishin FCDA yana nan Area 11 a Garki. Injiniyoyin da suka fara aikin nan daga Suleja suna samari, waɗanda ke raye a cikinsu yanzu dattawa ne masu ritaya, wasu a Kaduna, wasu a Minna, wasu a Kano. Mai neman taken bincike ya ɗauki rikoda ya je ya gaishe su tun suna nan.